SIRRIN ALJIHUN MUTUM AMANA NE: Yaushe Kamfanin Inshora Zai Iya Buɗe Shi Ba Da Izininsa Ba?



Godiya ta tabbata ga Allah Mai suturta bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin da mutanensa suka kira shi Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, yau darasin namu ya samo asali ne daga wata tambaya da ta hana ni barci.

Makon jiya bayan La'asar, wani dattijo manomin shinkafa daga fadamar Wurno ya tsaya a bakin masallaci har jama'a suka watse, sannan ya matso. Ruwa ya cinye masa gona a daminar da ta wuce. Allah Ya sa ƙungiyarsu ta manoma ta yi wa gonakinsu inshora, bayan dogon jele aka biya shi wani abu. Ya ce kuɗin ba su kwana uku a asusunsa ba sai da ya ji adadinsu daga bakin mai shayi, har da 'yan canjin da ke kai. Ya dube ni ya ce: "Malam, ni ban gaya ma kowa ba. Ko uwar ɗiyana ba ta sani ba. To wa ag gaya musu?" Bayan kwana biyu kuma wata baƙuwar lamba ta kira shi da dare, aka ambaci sunansa da na unguwarsu, aka kashe. Tun daga ranar a Sakkwato yake kwana, gidan ƙanensa.

Da ya bi sawu, sai zargi ya faɗa kan yaron da ya cike masa fom, ɗan amininsa ne ma. Da aka tuhumi yaron sai ya ce ai an koya musu a wurin horo cewa kamfani yana da damar ba da bayanan mutum ko ba izininsa. Shi ne dattijon ya ce in gaya masa, wannan magana haka take?

Maganar yaron tana da ƙanshin gaskiya, sai dai ya ɗauke ta ya ajiye inda ba muhallinta ba. Shi ya sa na ga ya dace in yi bayani a fili, domin masu cike fom da masu ba da bayanai duk suna karanta wannan shafi.

ME SUKE RIƘE DA SHI?

Da can inshora abin mutanen birni ne. Yanzu ta shigo mana gida. Hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, tana aiki tun 1987. Da aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, manoman shinkafa da yawa suka fara sa hannu a takardun da inshora ke ciki, wasu ma ba su san tana ciki ba. Mai mota yana yankar inshorar hanya ta naira 15,000 tun farkon 2023. Ga kamfanonin takaful irin su Jaiz da Noor, waɗanda suka zo bayan hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Kuma duk wanda ya ga ambaliyar gulbin Rima ta 2010 a Goronyo ya san dalilin da manomi zai nemi abin da zai tallafe shi ranar da ruwa ya yi gyara.

Batun halacci ba shi ne darasin yau ba, amma a taƙaice: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda garari, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful. Abin lura shi ne, ko wace iri ce ka shiga, wajibcin riƙe maka sirri yana nan a kansu. Ɓacin ciniki ba ya halatta cin amana.

To me kake ba su? Sunanka, lambar wayarka, NIN, BVN, lambar asusu, faɗin gonarka da inda take, buhu nawa kake sa ran samu, shanu nawa, mata nawa, 'ya'ya nawa, wa zai karɓa in ka mutu. Abin da maƙwabcinka na shekara talatin bai sani ba, yaro ɗan shekara ashirin da biyar ya san shi cikin minti goma, kuma yana cikin wayarsa.

A wani gari, fitar wannan bayani ƙarshenta a dame ka da kiran 'yan talla. A Goronyo da Rabah da Wurno, ƙarshenta kuɗin fansa ne ko gawa. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na Oktoba 2021 ba, inda aka kashe mutum sama da 40. Ba mu manta da lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a wannan shekarar ba, don a yanke tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu labari. Ɓarawon daji ba duba yake yi ba. Gaya masa ake yi wane ya sayar da albasa, wane an biya shi.

ASALIN HUKUNCI

Asali shi ne haramci. Bayanin dukiyar mutum da ya ba ka saboda aikinka amana ce, kamar kuɗin ajiya. Allah Ya yi umarni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amanoni ga masu su. A Suratul Anfal, aya ta 27, Ya haɗa cin amanar juna da ha'intar Allah da ManzonSa a hani guda. A hadisin Jabir da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi (SAW) ya nuna cewa idan mutum ya yi maka magana sannan ya waiga, waigen nan kaɗai ya mayar da maganar amana. To ina ga wanda ya rage murya, ya ja ka gefe, ya sa hannu a takarda?

Huzaifa ɗan Yaman (RA) shi Annabi (SAW) ya gaya wa sunayen munafukai, ya riƙe bai baza ba, har ake masa laƙabi da ma'abocin sirri. Kuma shi ɗin ne ya ruwaito hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa annamimi ba zai shiga Aljanna ba. Wanda ya fi kowa sanin nauyin sirri shi ya isar mana da narkon mai yawo da zance.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta ce ba a karɓar bayanin mutum sai don wata manufa bayyananniya, ba a wuce abin da manufar ke bukata, kuma shirun mutum ba a ɗaukarsa a matsayin yarda.

ƘOFOFIN DA AKA BARI A BUƊE

Duk da haka, shari'a ba ta ce sirri ba ya fita ko ta halin ƙaƙa ba. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ake ambaton mutum a bayan idonsa ba tare da an yi giba ba. Majalisar Fiƙihu kuma, a zamanta na Burunai a 1993, ta yi matsaya kan sirrin da likita ke riƙewa: asali a ɓoye, sai inda ɓoyewar za ta jawo cutar da ta fi ta bayyanawa, ko akwai maslahar da ta rinjaya. Da wannan ma'auni za mu auna kamfanin inshora. Ƙofofin da na gani guda biyar ne.

Ta farko: abin da aikin kansa ba ya yiwuwa sai da shi. Ka ce ruwa ya ci gonarka, dole a turo mai ƙiyasta ɓarna, dole a ba shi sunanka da wurin gonar. Za a biya ka, dole banki ya ga lambar asusunka. Kamfanin ma da kansa yakan je ya yi wa kansa inshora a wani kamfani da ya fi shi ƙarfi, don kada ambaliya guda ta karya shi, kuma wancan zai nemi ganin takardu. Wannan ba sai an dawo an sake tambayarka ba, domin wanda ya yarda da abu ya yarda da abin da ba ya cika sai da shi. Dokar 2023 ma ta lissafa cika yarjejeniya cikin dalilan da ba sa bukatar sabon izini.

Ta biyu: umarnin kotu. Idan alƙali ya nema a shari'ar bashi, ko gado, ko ciyarwa, kamfani ba shi da ikon cewa sirri ne. Allah Ya hana ɓoye shaida a ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 283, Ya danganta zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa. Hindu 'yar Utba ta je gaban Annabi (SAW) ta faɗi halin mijinta Abu Sufyan game da kuɗi, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, kuma bai tsawata mata ba, hukunci ya ba ta. Amma a lura, gaban mai hukunci ta je. Matar da za ta zo kanti ta ce wa ma'aikaci "gaya mini nawa aka biya maigidana", amsarta ita ce ta je ta tambaye shi ko ta je kotu.

Ta uku: abin da doka ta wajabta a kai wa hukuma. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ɗora wa cibiyoyin kuɗi, har da kamfanonin inshora, su sanar da hukumar NFIU duk hada-hadar da ta wuce naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, da kuma duk wadda ake zargi komai ƙanƙantarta. A irin wannan ba a neman izinin mai kuɗin, an ma hana a tsegunta masa. Hikimar a fili take, musamman a wurinmu: kuɗin fansa da na shanun sata sai sun sami inda za su wanke jiki. Toshe musu hanya yana cikin taimakekeniya a kan alheri da Suratul Ma'ida, aya ta 2, ta yi umarni da shi. Haka hukumar NAICOM, idan ta zo duba littattafan kamfani don ta tabbatar ba a cinye kuɗin jama'a ba.

Ta huɗu: kare jama'a daga mai zamba. Mutum ya ƙone rumbunsa da hannunsa ya zo neman diyya, ko ya yi wa gona ɗaya inshora wuri biyu yana so ya ci biyu, ko ya rubuta gonar da babu ita. A takaful kuɗin asusun na mahalarta ne, duk abin da ya karɓa da ƙarya daga aljihun 'yan'uwansa manoma ya fito. Kai rahotonsa ga hukuma nasiha ce. Dalili shi ne hadisin Faɗimatu 'yar Ƙaisu a Sahihu Muslim: ta nemi shawara kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) ya gaya mata cewa Mu'awiya a lokacin ba shi da dukiya, ya kuma faɗi aibin Abu Jahm. Ka ga an faɗi halin aljihun mutum ba ya nan, saboda mai tambayar tana da haƙƙin sani.

Ta biyar: mutuwa ko gushewar hankali. Mai takarda ya rasu, haƙƙin ya koma ga magada. A nan ɓoyewar ita ce cin amana. Wajibi ne a sanar da magada ko alƙalin da ke rabon gado abin da mamaci ya bari. Haka idan mutum yana kwance asibiti bai san inda kansa yake ba, ana bukatar a san ko yana da inshorar da za ta biya magani, ceton rai ya gabaci jiran sa hannu.

SHARUƊƊA UKU

Kowace ƙofa daga cikin biyar ɗin nan tana da makulli uku.

Ga wa? Ga mai haƙƙin ji kaɗai. Alƙali, hukumar da doka ta ambata, magaji. Ba duk mai kaki ba ne hukuma. Wani ya zo da baki ya ce shi jami'i ne a ba shi jerin waɗanda aka biya, ka ce ya kawo takarda, ka kai maganar ga shugabanka. Suratun Nisa'i, aya ta 83, ta zargi masu baza labarin tsaro ko na tsoro da zarar ya zo musu, ta ce kamata ya yi a mayar da shi ga ma'abota al'amari.

Nawa? Gwargwadon bukata. Malamai suka ce lalura ana auna ta da gwargwadonta. Annabi (SAW) ya gaya wa Faɗimatu abin da ya shafi aurenta, bai buɗe mata tarihin mutanen ba. Mai duba gona yana bukatar sanin gona, me ya haɗa shi da yawan matan mai gona?

Ta wace hanya? Ta hanyar ofis, a rubuce, yadda gobe za a san wa ya bayar, wa ya karɓa. Ɗaukar hoton jerin sunaye da adadin kuɗi a tura zauren WhatsApp na ƙungiya mai mutum ɗari biyu, ko a manna shi a bangon sakatariya, wallahi wannan ganganci ne da rayukan mutane, ko da niyyar ta nuna gaskiya ce. Ana iya nuna gaskiya ga kwamitin dattawa amintattu uku ko huɗu, kowane manomi kuma a gaya masa nasa shi kaɗai.

To yanzu mu koma ga yaron can. Teburin mai shayi, a wace ƙofa yake cikin biyar ɗin? Babu. Hirar majalisa ba ta ciki. Burge budurwa ba ya ciki. Sayar da lambobin mutane ga masu ba da bashi ta waya ko 'yan talla ba ya ciki, kuma kuɗin da aka karɓa a kai haram ne. Gaya wa ɗan siyasa wa ya samu wa bai samu ba, ba ya ciki. Gaya wa mai bin mutum bashi cewa "yi sauri, kuɗinsa sun shigo", shi ma ba aikinka ba ne, yana da kotu.

Wani zai ce: ni fa ban kai wa ɓarayi ba, hira kawai na yi. Ɗan'uwa, magana zarar bunu ce. Kai ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, shi ma yana da wanda ya yarda da shi, na huɗu ko na biyar shi ne infoma. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun tattauna hukuncin wanda ya nuna wa ɓarawo ko azzalumi dukiyar wani har aka ɗauke ta, kuma abin dogaro a wajen masu sharhin Mukhtasar irin su Shehu Dardir shi ne lamunin dukiyar yana kansa. Wannan a dukiya ke nan. In rai ya salwanta fa, da wane baki za ka yi bayani ranar da ake tone asirai?

NASIHA

Ga ma'aikatan inshora da takaful, da wakilansu na ƙauye, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma, da ma'aikatan banki, da 'yan'uwanmu masu POS waɗanda kullum suke ganin abin da ya rage a asusun mutane: ku ji tsoron Allah. Ka sa wa wayarka makulli. Kada ka bar fom a kan benci. Kada ka ɗaga murya kana karanta wa mutum adadin kuɗinsa jama'a na ji, juya masa na'urar ya gani, in ba ya karatu ka raɗa masa. In bayanai sun ɓace ko an sace waya, ka sanar da ofis nan take. Doka ta ba kamfani awa 72 ya sanar da hukumar NDPC idan ɓarakar za ta iya cutar da mutane. Ni kuwa ina ƙara maka da cewa ka sanar da mai abin tun kafin dare ya yi, don ya san inda zai kwana.

Ga masu kamfanoni, musamman masu ɗauke da sunan Musulunci: takaful ba cire riba da garari kaɗai ba ne. Ku tantance wanda kuke turawa ƙauye. Ku fassara wa mutane takarda da Hausa kafin su dangwala. Kwamitin malamanku ya riƙa tambayar yadda ake adana sirrin mahalarta kamar yadda yake tambayar inda ake juya kuɗinsu.

Ga mu jama'a: kafin ka sa hannu ka tambaya, wa da wa zai ga wannan? Haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne. Doka ta ba ka damar ka nemi sanin abin da suke riƙe da shi a kanka da wanda suka ba, ka janye yardarka, ka hana a yi maka talla da lambarka, ka kai ƙara ga NDPC. Lambar sirrin katinka kuwa babu kamfanin inshorar da ke bukatarta, duk wanda ya nema ɓarawo ne. Sannan mu ma mu kama bakinmu. Da yawa mu muke tona wa kanmu asiri, alat ya shigo mu nuna a majalisa. Kuma mu daina bin diddigin aljihun juna, Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana leƙen asirin mutane. Da babu mai son ji, da mai faɗa ya gaji ya bari.

Dattijon nan na ce masa kada ya yanke wa yaron hukuncin infoma ba da hujja ba, zato ma zunubi ne, kuma a wannan zamani kalmar infoma tana iya sa a kashe mutum kafin a bincika. Na ba shi shawara ya rubuta koke ga ofishin kamfanin, ya sanar da jami'an tsaro lambar da ta kira shi. Yaron kuma mun zauna da shi da mahaifinsa. Ya amsa cewa ya faɗa wa abokai biyu, don su ga aikinsa na ci. Ya yi kuka, ya nemi gafara, dattijon ya ce ya yafe. Amma har zuwa daren jiya da muka yi waya, yana Sakkwato, ga lokacin aikin rani ya kama, gonarsa tana jiransa a Wurno.

Wurnon nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da ita ribaɗi don tsaron jama'a, a nan ya zauna, a nan aka rufe shi a 1837. Ganuwar ribaɗi ba ta amfani in na ciki yana miƙa labari waje. Kowannenmu yau mai tsaron ƙofa ne, da abin da ya sani na ɗan'uwansa.

Ya Allah Ka suturta mu duniya da lahira. Ka sa mu cikin masu riƙon amana. Ka kuɓutar da 'yan'uwanmu da ke hannun 'yan bindiga, Ka mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ka shiryi masu kai labari, in ba masu shiryuwa ba ne Ka isar mana da sharrinsu. Ka ba mu zaman lafiya a Wurno da Rabah da Goronyo da sauran ƙasar Musulmi.

Wanda ya karanta ya isar ga wanda ba ya karatu, musamman iyayenmu manoma. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, amma don Allah kada a ambaci sunan kowa ko adadin kuɗin kowa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.